Wasiƙa Daga Fulorida Kan Tafiyar da Nake Shiryawa

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da uwargida da yara da su Baba. Ya Zariya, ya ƙarshen damina? Saƙonka ya iso, na kuma ga tambayar da ka maƙala a ƙarshensa, wadda na san ba taka ba ce kai kaɗai, har da bakin Inna a ciki: tunda an ce na samu lasisin tuƙin jirgi, me nake jira ban dawo gida ba? Amsar ta fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na zauna na rubuto maka a tsanake.

Lasisin da ke hannuna na tuƙin kai ne. Zan iya ɗaukarka mu yi shawagi, amma doka ta hana a biya ni ko sisi a kan tuƙin. Kafin in zauna jarrabawar lasisin da ake cin abinci da shi, hukumar jiragen sama ta Amurka tana son ta ga awa 250 a littafin awannina. A ciki dole awa 100 su zama ni ne shugaban jirgin, 50 daga cikinsu kuma a tafiyar gari zuwa gari. Ba kowace fita ake lissafawa a wannan layin ba, sai ka sauka a filin da ya wuce mil 50 na teku daga inda ka tashi, wato wajen kilomita 93. Jiya da daddare na tara nawa: awa 171. Saura 79.

Yadda akasarin ɗalibai ke cike wannan giɓin shi ne su nemi filin da ya ɗan haura mil 50 ɗin nan, su je su taɓa ƙasa, su juyo. Gobe ma haka, jibi ma haka. Ni ma na yi, har na haddace kowane tafki da kowace hasumiyar ruwa da ke hanyar. Wata rana ina dawowa sai na lura tun da na tashi ban duba taswira ko sau ɗaya ba, don babu abin da za ta gaya mini. Abin ya tsaya mini a rai. Awanni na ƙaruwa a takarda, ni kuwa ina nan inda nake. Fulorida shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, wurin da ya fi ko'ina tudu a duk jihar ƙafa 345 ne kacal. Mutum zai iya gama awa 250 a nan bai taɓa ganin dutse ta tagar jirgi ba. Ka san inda kuɗin karatun nan suka fito, ka san abin da aka sayar kafin a haɗa su. Ba zan iya ƙona su ina kewaya tafki ɗaya ba.

To ga shawarar da na yanke. A farkon Nuwamba, in Allah ya yarda, ni da wani abokin karatuna za mu ɗauki hayar ƙaramin jirgi ƙirar Cessna 172 daga gabashin Fulorida har kudancin Kalifoniya, mu dawo. Zuwa kaɗai ya kai nisan Kano zuwa Jidda. Jirgin kujera huɗu ne, farfela ɗaya, gudunsa bai cika wuce kilomita 200 a awa ba. Lissafina ya ba ni kamar awa 20 zuwa, awa 20 dawowa, sai dai zuwan zai fi jan lokaci, domin iskar sama a ƙasar nan daga yamma ta fi busowa, mu kuma yamma muka nufa. Mun zaɓi Nuwamba ne don tsawar la'asar ta bazarar Fulorida ta lafa, zafin hamada ya sauka, ko da yake lokacin guguwar teku ba ya rufewa sai 30 ga watan, don haka idonmu na kan Tekun Meziko.

Da ka ga ɗakina yanzu. Na ture katifa gefe, na jera taswirori a ƙasa tun daga bakin ƙofa har gindin taga, na danne kusurwoyinsu da takalma da kofin shayi. Muna da taswirar a kwamfuta, amma sai na ja layi da fensir nake jin hanya ta shiga kaina. Layin ya bi kudu, kusan a kan babban titin mota mai lamba 10: Tallahassee, Mobile, New Orleans, mu raɓa Houston, San Antonio, Fort Stockton, El Paso, Deming, Tucson, Blythe, sannan mashigin Banning da ke tsakanin manyan duwatsu biyu kafin a gangara ɓangaren Los Angeles. Ba mu bi ta tsakiyar ƙasa ba saboda duwatsun Kolorado suna haura ƙafa 14,000, jirginmu kuwa nan ne iyakar ƙarfinsa, ga shi doka ta ce wanda ya wuce minti 30 sama da ƙafa 12,500 sai da tulun iskar shaƙa. Bin titin mota yana da wani amfanin: a yammacin Tekzas za ka yi tafiya mai tsawo ba gari ba ƙauye, idan inji ya ba da matsala gara a ce akwai mutane kusa. Sai kuma kiyaye sararin sojoji da ke arewacin El Paso, da iyakar Meziko da ke hannun hagunmu, wadda ba a tsallaka ta da ganganci.

Maganar mai ita ce na fi daɗewa a kanta, kuma akwai dalili. Ban taɓa gaya maka ba. Watannin baya na nufi wani ƙaramin fili da niyyar shan mai, iska ta yi mini gaba-da-gaba fiye da yadda aka yi hasashe, na sauka da ɗan abin da ya rage. Na tura jirgin bakin famfo, sai ga takarda manne da salatif: famfo ya lalace. Babu kowa a filin, sai kukan tsuntsaye da ƙarar injina yana hucewa. An sanar da lalacewar a cikin sanarwar da ake fitar wa matuƙa, ni ne ban karanta har ƙarshe ba. Na hau kan fiffike, na buɗe tanki, na tsoma sandar awo, na duba, na sake tsomawa. Hannuna na rawa. Na yi lissafi sau uku kafin na yarda cewa abin da ke ciki zai kai ni fili na gaba da ragowar da doka ta nema. Ya kai, alhamdu lillahi, amma daren nan ban yi barcin kirki ba. Jirgin yana ɗaukar galan 53 da za a iya ƙonawa, yana shan takwas zuwa tara a awa. Doka ta ce ka tsara sauka da ragowar minti 30 da rana, 45 da dare. Ni na kafa wa kaina awa ɗaya cur, kuma babu zangon da zai wuce awa uku da rabi. Kowane filin da za mu sha mai zan buga waya da safe in ji daga bakin mutum, kuma na rubuta na biyu kusa da shi.

Abin da ban taɓa gwadawa ba shi ne tashi daga tudu. Filin El Paso yana kan ƙafa kusan 4,000, kusan tsayin filin jirgin Jos. Iska a can ba ta da kauri, idan zafi ya haɗu da ita sai ta ƙara sirancewa. Ranar da zafi ya kai digiri 35, jirgi zai ji kamar yana kan ƙafa 7,000 ne: inji ya rage ƙarfi, farfela ta rasa abin kamawa, ka ci titi mai tsawo kafin ƙafafu su bar ƙasa, hawan ma a hankali. Shi ya sa nauyi ya zama abin lissafi. Iyakar nauyin jirgin fam 2,550 ne, man kaɗai idan an cika fam 318. Na auna kaina, na auna abokin tafiyata, na auna jakunkuna da jarkokin ruwan sha, har igiyoyin ɗaure jirgi. Kafin El Paso kuma akwai duwatsun Guadalupe, inda ƙololuwar Tekzas take, ƙafa 8,751, wurin da ya yi suna da iska mai jijjiga ƙananan jirage. Malamina ya zauna da ni awa biyu a kan wannan yankin kaɗai. Shawararsa ita ce mu ratsa shi da sassafe, kafin rana ta gasa ƙasa.

A cikin sharuɗɗan lasisin akwai ɗaya da ba a yi da abokin tafiya: tafiyar mil 300 na teku, da sauka a wurare uku, ɗaya daga ciki ya kai mil 250 a miƙe daga inda ka tashi, kusan Kano zuwa Maiduguri ke nan. Wannan zan yi shi ni kaɗai mako mai zuwa, zuwa Pensacola da ke yammacin Fulorida, ya zame mini gwaji. A babbar tafiyar kuwa karɓa-karɓa za mu yi. Ɗaya ya sa tabaran da ke tare ganin waje ya tuƙa da na'urorin awon da ke gaban matuƙi kawai, ɗayan ya zuba ido kan sararin sama. Kuɗin haya da na mai mu raba biyu.

Inda na fi jin tsoron kaina shi ne ranar da gari zai ɓaci. Mai jirgin yana cajin awa uku kowace rana ko mun tashi ko ba mu tashi ba, ga kuɗin masauki. Na san ranar da hazo ya rufe New Orleans ko ƙura ta taso a Arizona, zuciya za ta fara raɗa mini cewa ai zai washe a gaba. Wannan raɗar ta kashe matuƙan da suka fi ni ƙwarewa nesa ba kusa ba. Don haka na ware kuɗin kwana huɗu na zaman banza tun yanzu, na ɗauka an riga an kashe su. Mun kuma rubuta iyakokinmu a takarda, na gani da na iska da na tsayin gajimare, mun sa hannu mu biyu. Idan ɗaya ya ce a'a, magana ta ƙare, ba gardama. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Salla kuwa ta zo da sauƙi, tunda matafiya ne: kasaru, kuma zan haɗa azahar da la'asar idan mun sauka. Daga nan alƙibla arewa maso gabas take, abin da ya ɗaure mini kai farkon zuwana. Za mu ratsa yankuna huɗu masu bambancin agogo kafin mu kai bakin teku, don haka kada ka yi mamaki idan lokacin kirana ya riƙa sauyawa. Kilishin da ka ce za ka aiko, bar shi, ba a barin nama ya shigo ƙasar nan. Dabino da gyaɗa sun ishe ni guzuri.

Yanzu ga alfarmar da nake nema. Ka je gida da kanka, kada ka aika, ka zauna da Inna bayan la'asar lokacin da hankalinta ke kwance. Idan ni na faɗa mata a waya, "hamada" da "ƙaramin jirgi" kawai za ta ji. Ka nuna mata cewa da rana za mu riƙa tafiya, zango-zango, muna magana da masu kula da sararin sama a rediyo suna ganinmu a na'urarsu, kuma duk inda muka kwana zan kira ta. Labarin famfon nan kuwa ya tsaya tsakaninmu. Ka roƙa mini albarkarta, don ban biya kuɗin ajiyar jirgin ba tukuna, sai na ji abin da ta ce. Mai jirgin ya ba ni zuwa ƙarshen wata.

Ka gaishe mini da Baba da kyau, da uwargida, ka shafa mini kan yara. Ina sauraronka.

Wassalam,
Amininka