Ƙwayar ƙarin kuzari a wasanni: a nemi masu miƙa wa yara ita

Assalamu alaikum Malam Edita,

Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan shaye-shayen ƙwayar ƙarin kuzari a harkar wasanni, don abin ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya.

Duk sanda aka kama wani ɗan wasanmu sai mu yi ta Allah wadai kwana biyu a Facebook mu wuce. Haka aka yi da 'yar tseren Najeriya Blessing Okagbare. A gasar Olamfik ta Tokyo a 2021 ta yi gudun share fage na mita 100, washegari aka dakatar da ita, daga baya a 2022 aka yanke mata shekara 10 saboda sinadarin EPO mai ƙara jini da na ƙara girman jiki da kuma ƙin ba masu bincike haɗin kai, aka zo aka ƙara mata ɗaya ta zama 11. Kowa ya zage ta. Amma mutum nawa ne suka san sunan Eric Lira, mutumin Texas ɗin da ya samar da magungunan? Shi kotun Amurka wata 3 kacal ta ɗaure shi. Ita rayuwarta ta wasa ta ƙare gaba ɗaya, shi ko wata uku, wannan wane irin adalci ne fisabilillahi.

Ba wai ina wanke ta ba ne, babba ce ta san abin da take yi, kuma duk wanda ya sha ƙwaya ya ci tsere to haƙƙin wani ya ci. Ku tuna Olamfik ta Sydney a 2000, 'yan tseren miƙa sanda na Najeriya na mita 400 sun zo na biyu bayan Amurka, sai a 2008 Antonio Pettigrew, ɗaya daga cikin 'yan tseren Amurkan, ya amsa da bakinsa cewa yana amfani da haramtattun magunguna, ba a tabbatar wa Najeriya zinaren ba sai 2012. Sunday Bada da ya yi gudun nan ya rasu a Disambar 2011. Bawan Allah ya mutu bai riƙe zinarensa a hannu ba, ba a buga masa taken ƙasa a filin ba, wa zai biya shi wannan?

Amma wadda ta fi tsaya min a rai ita ce Chika Amalaha, yarinya 'yar shekara 16 da ta ci zinare a ɗaga ƙarfe a gasar Commonwealth ta Glasgow a 2014 aka ƙwace, saboda an samu magungunan sa fitsari a jikinta, irin waɗanda ake rage nauyi da su ko a ɓoye wani abu da aka sha. Yarinyar da a gidajenmu ko kasuwa ba a bari ta je ita kaɗai, a ina ta san sunan waɗannan magunguna? Akwai manya a kusa da ita ai.

To mu dawo gida inda babu mai gwajin fitsari ko jini. A filayen ƙwallon unguwa da wasu gidajen dambe da wuraren ɗaga ƙarfe, tiramol ta zama ruwan dare, yaro zai haɗiya kafin a take wasa wai don kar ya gaji kar ya ji zafin duka. Hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwaya a wasanni ta duniya ta saka tiramadol cikin haramtattu lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024, amma wa ya gaya wa ɗan damben da ke ɗaure zare a ƙauye? Kuma wadda likita ke rubutawa miligiram 50 ce ko 100, ita ko wadda NDLEA ke yawan kamawa har 225 ake samu. Ciwo fa gargaɗi ne jiki ke yi maka, in ka kashe shi da ƙwaya sai ka ci gaba da gudu a kan gwiwar da ta riga ta lalace, ko ɗan dambe ya sha naushi a ka ya miƙe ya koma wani turmin alhali ƙwaƙwalwarsa ta jigata. Ga jijjiga kamar mai farfaɗiya, ga numfashi da ke iya tsayawa in an zarce, ga jaraba da in ta kama mutum ko ranar da babu wasa sai ya nema.

Su kuma samarin da ke allurar kumbura ƙwanji, wallahi tausayi suke ba ni. Tana taɓa hanta da zuciya, tana ƙanƙance maraina har ta kai mutum ga rashin haihuwa, kuma da yawansu allura ɗaya suke karɓa-karɓa da ita, ga ciwon hanta ga ƙanjamau.

Roƙona ga hukumomin wasanni na jihohi da shugabannin ƙungiyoyin dambe da kokawa shi ne duk yaron da aka kama a tambaye shi wa ya ba shi. In koci ne a kore shi daga harkar har abada, in mai kemis ne a rufe shagon a miƙa shi ga NDLEA, in ubangida ne mai zuba kuɗi a kan yaro don ya yi kisa a fage shi ma a kira sunansa a fili. Sannan a riƙa kai likita gidan dambe ranar manyan wasanni, ko da na duba wanda ya faɗi ne kafin a bar shi ya sake sa zare.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Mai karanta jaridarku daga Kano