Ku Ba Mu Tarihin Jirgin Joola Tun Daga Tushe

Malam Edita, assalamu alaikum.

Duk shekara idan 26 ga Satumba ta zagayo, akan tuna da jirgin ruwan Joola na Senegal a taƙaice: iska ta taso da dare, jirgi ya kife daura da gaɓar Gambiya a 2002, mutum 1,863 suka rasu bisa ƙidayar gwamnati, 64 kaɗai suka tsira. Roƙona shi ne ku ba masu karatu tarihin aikin jirgin, domin iska ba ita kaɗai ta kifar da shi ba.

A Jamus aka ƙera shi, ya fara aiki a 1990 tsakanin Dakar da Ziguinchor, babban birnin yankin Kasamans da ke kudancin Senegal. An yi shi ne don ɗaukar kimanin mutum 580, har da ma'aikata. To amma hanyar mota sai an ratsa Gambiya, ga kuma rikicin 'yan aware da ya sa matafiya ke tsoron titi. Sai jirgin ya zama abin dogaron kowa: mata 'yan kasuwa masu kai mangwaro da manja Dakar, ɗalibai, sojoji da iyalansu. A kwana a ruwa, gari ya waye a babban birni. Cunkoso ya zama jiki, har ba a ganinsa a matsayin laifi.

Jirgin ya yi kusan shekara guda a ajiye saboda matsalar inji, aka dawo da shi aiki a watan Satumban 2002. Ko mako uku bai cika ba ya kife. A tafiyar ƙarshe ya ɗauki fiye da ninki uku na abin da aka ƙayyade masa, har da waɗanda suka hau a tsibirin Karaban. Masunta ne suka fara kai ɗauki da kwale-kwalensu. Jami'an ceto sai da gari ya waye. Kuma sojoji ne ke tafiyar da jirgin, abin da ba a cika faɗa ba.

A 2003 aka rufe shari'a a Senegal, aka ɗora laifi kan kyaftin ɗin, wanda shi ma ya mutu a hatsarin. Ni dai wannan bai gamsar da ni ba. Wa ya ba da izinin dawo da jirgin? Wa ke ƙidaya masu hawa?

Tun 2008 jirgin Aline Sitoé Diatta ke bin wannan hanya. Don Allah ku tura wakili ya kwana a cikinsa, ya gaya mana yadda ake ƙidaya fasinja yanzu.

Naku,
Mai karatu daga Maraɗi