A Riƙa Tsara Gida Tare Da Harabarsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku mai farin jini domin in ja hankalin masu gina gidaje a sababbin unguwannin Birnin Kebbi, inda ya zama ruwan dare mutum ya cika fulotinsa da ɗakuna har jikin katanga, sannan ya daɓe ɗan abin da ya rage da siminti.

Iyayenmu ba haka suka yi ba. Kafin magini ya aza tubali, sukan duba inda ruwan sama yake gangarawa, su bar tsakar gida a buɗe, su daidaita indararo da kwata, su kuma ware gurbin itace. A watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, bangon yamma yakan sha rana tun daga azahar, ya riƙa mayar da zafin cikin ɗaki har tsakar dare, alhali dogon yaro ko mangwaro ɗaya a wannan ɓangaren zai tare mafi yawansa. Sai dai dole a tsara wurinsa tun a takarda, nesa da harsashi da masai, domin saiwarsa tana fasa gini.

Batun ruwa ya fi damuna. Daɓaɓɓen fili ba ya shan ruwa, titi yake turawa, kuma ambaliyar 2020 ba ta bar zukatan mutanen Kebbi ba.

Ina kira ga hukumar raya birane da ta riƙa neman ganin magudanar ruwa da gurbin itace a kowane zanen gida kafin ta sa hannu.

Wassalam,
Mai karatunku daga Birnin Kebbi