Agogon Mai Raino

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya kai da iyalinka. Kwana goman da na yi a wurinku a Landan na ga abin da ya tsaya mini a rai, amma ban so in faɗa a gaban matarka ba. Ka fita mai sunan Malam yana barci, ka dawo yana barci. Ranar da ka miƙa masa hannu sai ya ruga ya ɓuya bayan mai raino. Kai ka yi dariya, ni kuwa daren nan ban runtsa ba.

Ka tuna mutum-mutumin nan mai fukafukai da ka nuna mini a Piccadilly? A 1893 aka kafa shi don tunawa da Lord Shaftesbury. An haife shi a 1801 cikin daula, gidansu na da gonaki makil a yankin Dorset, mahaifinsa kuma babba ne a majalisar sarakunan Ingila. Amma uban mutum ne mai tsanani, uwar kuma hidimar manya ta ɗauke mata hankali. Wata baran gidan, Maria Millis, ita ke ɗora shi a cinya, ita ta koya masa addu'a. Yana shekara bakwai aka kai shi makarantar kwana, kuma yana yaro tsohuwar ta rasu. Agogonta na zinariya ta bar masa. Har ya mutu a 1885 agogon na jikinsa, yana nuna wa mutane yana cewa bai taɓa yin masoyi kamarta ba. Ka ji fa, ba uwa ba, ba uba ba.

Shi ne ya tsaya a majalisa har aka yi dokar 1842 da ta hana tura mata da yara ƴan ƙasa da shekara goma cikin ramukan kwal. Allah ya yi shi mutumin kirki, amma tsakaninsa da mahaifinsa ba a taɓa samun shaƙuwa ba, har akwai shekarun da aka hana shi shiga gidan.

Na san neman halak kake yi. Duk da haka ka riƙa dawowa kafin isha, ko sau uku a mako, ku ci tuwo a kwano ɗaya. Ran Juma'a ka riƙe hannunsa zuwa masallaci. Mai rainon kuma ka kyautata mata, tana ƙoƙari.

Allah ya yi muku albarka.

Mahaifiyarka