Fuskokin Dai Su Ne

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ƙanena ɗan kabu-kabu ne a nan Maradi. Da damina wasu samari biyu suka tare shi da dare, suka sare shi da adda a kafaɗa, suka tafi da babur ɗin da bai gama biyan bashinsa ba. An kama ɗaya. Duk unguwa mun san shi, shigarsa kaso ta uku ke nan, kullum a kan sara.

Wannan ne ke ci mini rai. Ana cewa gari ya lalace, alhali fuskokin dai su ne. Wani bincike a Suwidin ya nuna daga 1973 zuwa 2004, kashi 1 cikin 100 na jama'a ne ke da kashi 63 na hukunce-hukuncen laifin ta'adi da jikkata mutane. Na tabbata mu ma da za a buɗe rajistar kotu, irin haka za a gani.

Ina roƙon alƙalanmu su riƙa duba tarihin mutum kafin a ba shi beli. Wanda ke tsare kuma a koya masa walda ko ɗinki, kada ya fito hannu wofi. Har yau ƙanena ba ya iya ɗaga hannun dama.

Wata mai karatunku,
unguwar Zariya, Maradi