A Riƙa Duba Na'urorin Hoton Ƙashi a Asibitocin Katsina

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Makon jiya na kai mahaifiyata wani asibiti a nan Katsina a ɗau hoton ƙirjinta. Sau uku aka tsayar da baiwar Allah gaban na'ura, hoton yana fitowa dishi-dishi, likita ya kasa karanta komai. Ma'aikacin ya ce an daɗe ba a daidaita na'urar ba.

Abin ya dame ni matuƙa. Duk ɗauka ɗaya, ƙarin haske mai ratsa jiki ne ke shiga mara lafiya, ga kuɗi, ga wahalar tsohuwa. Ina roƙon hukumar NNRA mai kula da harkokin nukiliya a Najeriya, wadda dokar 1995 ta ɗora wa sa ido kan irin waɗannan na'urori, ta turo masana su auna ƙarfin hasken na'urorin asibitocinmu, na gwamnati da na kuɗi.

Naka,
Wani mai karatu, Ƙofar Ƙaura, Katsina