Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Malamin Da Ya Tambaye Ni Ina Zaɓin Bawa

Assalamu alaikum.

Malam, na ji tambayar da ka jefo mini a bainar jama'a, cewa idan Allah ya riga ya rubuta komai, ina zaɓin da nake ta magana a kansa, har ka ƙara da cewa kalamaina suna warin Mu'utazilanci, wato aƙidar masu cewa bawa ne yake halittar ayyukansa da kansa. Tambayar ba ta dame ni ba, domin ta girme mu duka. Ƙarin ne ya yi mini ciwo, musamman da yake ka san ƙofar gidana, amma ka gwammace ka jira ranar da taro ya cika.

Ban taɓa musun ƙaddara ba. Na dai daɗe ina zaton mai zaɓi shi ne wanda yake aikata abu ba tare da wani dalili ya tura shi ba, har na lura cewa mai irin wannan aiki mahaukaci muke ce masa. Abin da ya warware mini shi ne misalin da malaman tauhidi suka saba bayarwa: hannun mai ciwon karkarwa yana motsi, hannun mai rubuta takardar bashi ma yana motsi, duka biyun cikin sanin Allah da ikonsa, amma mutum ɗaya ne alƙali zai nema ya biya. Wannan bambanci da kowa yake ji a jikinsa shi Abul Hasan al-Ash'ari ya kira kasbu, bayan ya rabu da Mu'utazila, bai kuma bi Jahmu bin Safwan wajen cewa tilasta bawa ake yi ba.

Lokacin annobar Amwas da ta ɓarke a Sham, wajen shekara ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar ya juya bai shiga Sham ba. Da Abu Ubaida ya ce ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Idan wannan ne Mu'utazilancin, to ka fara tuhumar daga can, in ka isa.

Gwajin masanin ƙwaƙwalwa Benjamin Libet na 1983 da ka kawo, wanda ya nuna ƙwaƙwalwa tana fara shiri kafin mutum ya ji ya yanke shawara, a kan lanƙwasa yatsa aka yi shi, ba a kan cin amana ko riƙe ta ba. Na yi mamakin ganin ka kafa hujja da shi, kai da kake yi mana gori da karatun boko.

Abin da yake damuna ya wuce kai, Malam. Mun maida ƙaddara mafakar sakaci: gini ya rushe saboda an rage siminti, direba ya kashe mutane da gudun ganganci, sai a ce ƙaddara ta riga fata, wanda ya nemi a yi bincike kuma a ce imaninsa da rauni. Amma ban taɓa ganin wanda ɓarawo ya shiga ɗakinsa ya sallame shi da cewa rubutacce ne ba, kuma ban zaci kai za ka fara ba.

Wassalam.